Matar da Ke Dariya a Jikin Bango

Allah Ya jiƙan waɗanda muka faro tafiyar nan da su ba su kawo yau ba, mu kuma Ya nuna mana na baɗi lafiya.

Kwamitin biki ya ce in rubuta wani abu na tarihi a takardar bana, wai tunda na taɓa riƙe alli. Na daɗe ina jujjuya abin da zan ɗauko, sai gardamar ƙyallen biki ta ba ni. Waɗanda suka zo zaman ranar za su tuna. Mun aika Jega a buga mana babban ƙyallen da za a rataya a bakin rumfa, yaron shagon ya turo hotuna uku ta waya mu zaɓi ɗaya. Duk ukun kusan abu guda ne: budurwa fes da ita, haƙora farare tas, ta ɗauko kwandon kayan gona tana dariya, rana na fitowa ta bayanta. Ba zufa, ba kaushi, ba goyo. Matasanmu suka ce a ɗauki na tsakiya, ya fi kyau. Waya na ta zagayawa daga hannu zuwa hannu har ta isa wurin Inna uwar adashi. Ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta dube ni ta ce, "Malama, wagga ɗiya, kwandon ga da tad ɗauko, nata na ko na mai gona? In nata na, ina son in ji nawa taka saida shi. In ba nata ba na, to dariyar mi taka yi?"

Aka kwashe da dariya, aka tashi ba a zaɓi ko ɗaya ba. Ni kuwa na koma gida da tambayar, domin na san yarinyar nan ta cikin hoto. Na ma san uwarta da kakarta.

Baba, Allah Ya jiƙansa, malamin firamare ne mai son rediyo da tara takardu. A akwatinsa na ƙarfe akwai mujallu masu santsin takarda da ke zuwa daga ƙasar Sin da Rasha. Mu yara ba ruwanmu da rubutun, hotunan muke so. Mukan yanke mu naɗe littattafan makaranta, yayata kuwa da ta yi aure har liƙa wasu ta yi a bango kusa da jerenta. Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne na wata mata da jan ɗankwali, zaune bisa tantan, hannu a sitiyari, kumatu cike, tana hangen wani wuri can da mu ba mu gani. A lokacin ko namiji mai tuƙa tantan abin kallo ne a ƙauyukanmu. Na ce wa Baba lallai matan ƙasar nan sun huta. Ya ce, "Ke dai ki yi karatu, wata rana za ki tambayi wanda ya biya kuɗin hoton."

Yadda irin waɗannan takardu suka iso har nan ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Bayan samun 'yancin kai a 1960, Amurka da Tarayyar Sobiyet da Sin kowa na zawarcin ƙasashen Afirka. Rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa a 1963, Rediyon Masko shi ma yana da nasa. Ɗalibanmu sun tafi Masko karatu, Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1971, daga baya Rashawa suka zo gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. Ƙasashen nan biyu suna bin tsarin da ake kira gurguzu, wato gona da masana'anta da kasuwa su fita hannun mutum ɗaya su koma na kowa da kowa, gwamnati ce mai riƙo. Tun daga juyin juya halin Rasha na 1917 suka gane cewa wanda bai iya karatu ba yana iya karanta hoto. Sai suka cika bangon tasha da makaranta da masana'anta da fastoci, kuma mace tana cikin waɗanda suka fi zanawa.

Bari in fara da abin da za a yaba musu, don kada a ce na zo da wuƙa a hannu. A 1923 wata mai zane, Elizaveta Kruglikova, ta yi fasta mai sauƙi da baƙi da fari: uwa tsaye a bakin murhu, 'yarta zaune da littafi tana nuna mata cewa da ta iya karatu da ta taimake ta. Saƙon shi ne mace ta koyi karatu da rubutu. Wannan kam ba a bar shi a bango ba. Ƙidayar 1897 ta nuna cewa a cikin matan da ke tsakanin shekara 9 da 49, waɗanda suka iya karatu ba su kai 17 cikin 100 ba. Ƙidayar 1939 ta nuna sun haura 80 cikin 100. Ko da an rage wani abu saboda ƙarin gishirin hukuma, aiki ne babba. Dalilin nasarar kuwa shi ne a bayan fastar akwai aji da malama da fitila da allo. Mu nan ma mun san irinsa: Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da 'yan littattafan da ake bugowa daga Zariya, da jaridar Zaruma ta lardin Sakkwato. Amma ajin dare na wancan zamani yawanci maza ne ke cika shi. Da yawa daga iyayenmu da ke cikin ƙungiyar nan sai da suka yi jikoki suka fara rubuta sunansu.

Fasta ta biyu ita ce wadda na fi so, kuma ita ce ta fi ba ni haushi. Grigory Shegal ya zana ta a 1931. Ga wata mata cikin ɗakin girki mai duhu, ta duƙa bisa bahon wanki, ga risho, ga tukwane, ga yana a lungu. Wata matar cikin jajayen kaya ta wangale mata ƙofa, can waje ana hango sabbin gine-gine: gidan cin abinci na jama'a, gidan renon yara, masana'anta, wurin shaƙatawa. Rubutun yana kira a kawo ƙarshen bautar ɗakin girki. Duk wadda ta taɓa tashi da asuba ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ta hura ɗanyen icce hayaƙi na cin idonta, za ta ce amin. To amma ku duba da kyau, 'yan uwa. Babu namiji ko ɗaya da aka nuna yana karɓar bahon nan. Gwamnati ce ta yi alkawarin karɓa, gwamnatin kuwa kuɗinta ƙarfe da makamai suka tafi. An gina gidajen reno da na abinci, ba a ce ba a yi ba, sai dai ba su isa ba, masu aiki a cikinsu ma mata ne. Ƙarshenta matar Rasha ta samu aiki biyu: ta wuni a masana'anta, ta biyo layin burodi, ta dawo ta tarar da bahonta na nan inda ta bar shi. Wani abin kuma, sashen mata na jam'iyya, wanda aka kafa a 1919 don sauraron kukansu, an rufe shi a 1930 da sunan wai matsalar mata ta ƙare. Wato an rufe bakin shekara guda kafin a zana hoton.

Sai matar tantan, wadda ta ruɗe ni ina yarinya. Akwai ta da gaske. Pasha Angelina, 'yar wani ƙauye a yankin Donetsk na Yukren, ta haɗa ayarin mata zalla masu tuƙa tantan a 1933, ta yi suna a duk ƙasar, a 1938 aka yi kira da sunanta cewa mata 100,000 su hau tantan. A 1937 kuma, a bajekolin duniya na birnin Faris, Rashawa suka kafa wani mutum-mutumin ƙarfe da tsawonsa ya haura mita 24, aikin wata mata Vera Mukhina: namiji ya ɗaga guduma, mace ta ɗaga lauje. Ku lura da rabon. Birni da inji na namiji, ƙauye da lauje na mace. Mai ƙera shi ta fi masu fasta faɗin gaskiya, domin mafi yawan matan karkara ba su taɓa sitiyari ba. Tsugune suke suna cire ciyawa, suna tatsar shanu da hannu, shugaban gandu da mai riƙe da littafi kuwa kusan kullum maza.

A nan nake so mu ɗan zauna, don nan ne labarin ya taɓo mu. Gandun nan da matar fasta ke dariya a cikinsa, a takarda sunansa ƙungiyar haɗin gwiwar manoma, kamar dai tamu. Bambancin shi ne mu da ƙafarmu muka zo, su kuwa tura su aka yi. Daga ƙarshen 1929 gwamnatin Sitalin ta tilasta wa manoma haɗe gonakinsu da dabbobinsu da irin shukarsu wuri guda. Jami'ai suka shiga gida-gida suna kora shanu, a wasu wurare har kaji. Mutane da yawa suka gwammace su yanka su cinye, cikin 'yan shekaru shanun ƙasar suka ragu da kusan rabi. To wa ya tare hanya? Mata. Saniyar gida a wurin matar Rasha kamar akuya ce ko tunkiya a wurinmu: ita ce madarar yara, ita ce kuɗin magani, ita ce abin da ake kamawa ran da rana ta ɓaci. A ƙauyuka masu ɗimbin yawa mata suka fito da goyo da sanduna, suka tare amalanke, suka ɓalle ƙofar garke kowa ta ja tata, suka kwashe irin shuka daga rumbun gandu. Maza kan tsaya daga baya, domin in namiji ya yi haka za a kira shi maƙiyin gwamnati a tura shi Saiberiya, in mata ne sai jami'ai su ce ai haukan mata ne, jahilci ne. Matan sun san da wannan raini, suka kuma yi amfani da shi.

Boren nan na cikin abin da ya sa a watan Maris na 1930 Sitalin ya fito a jarida yana ɗora laifi kan ƙananan jami'ai, wai sun wuce gona da iri. A Fabrairun 1933, a wani taron manoman gandu, da bakinsa ya ambaci cewa an ɗan samu saɓani tsakanin gwamnati da mata a kan saniya. Ɗan saɓani! A daidai watannin da yake wannan magana yunwa na kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan da kudancin Rasha, bangon tashoshi kuwa cike da matan nan masu cikakkun kumatu rungume da damin alkama. Dokar gandu ta 1935 ta amince kowane gida ya riƙe saniya guda da 'yar gona ƙarama a bayan gida. Mu a Hausa muna da sunayen abin tun tuni: gandu da gayauna. A gandun gwamnati ba a biyan mutum kullum, layi ake ja masa a littafi, sai ƙarshen shekara bayan hukuma ta ɗebi nata a raba abin da ya saura, wani lokaci ba abin da ke saura. Gayaunar nan ce ta riƙe rai, kuma yawanci mata ne ke nomanta bayan sun taso daga gandu. Shekaru da yawa bayan haka, waɗannan 'yan gayaunu da ba su wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar da ake shukawa ba, su ke ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gonar ƙasar, musamman dankali da ganye da ƙwai da madara. Matar tantan ta samu bango, matar gayauna ta ciyar da gida.

Akwai wani ɓangare da ya shafi 'yan uwanmu Musulmi. A Uzbekistan, ƙasar Imamu Bukhari, mata na sa wani lulluɓi mai kauri da ragar gashin doki a fuska. Ranar 8 ga Maris 1927 gwamnati ta ƙaddamar da gangamin cire shi, aka tara mata a dandali suna jefa lulluɓi cikin wuta, fastoci na nuna mace ta yaye fuska tana kallon rana. Bayan taro jami'ai suka koma ofis, matan suka koma unguwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa mata 2,000 ko fiye aka kashe cikin shekaru ukun farko, da yawansu a hannun danginsu. Wadda ta cire, gida ya hukunta ta. Wadda ta ƙi, hukuma ta matsa wa mijinta a wurin aiki. Ɓangarori biyu na maza suka mai da kan mace tutar da suke ja-in-ja a kanta. Allah Ya jiƙan bayin nan nasa.

Daga tsakiyar shekarun 1930 sai hoton ya sake. Gwamnati ta ga haihuwa ta ragu, sai matar fasta ta sauko daga tantan ta ɗauki jariri. Da Jamus ta kawo yaƙi a 1941, Irakli Toidze ya zana wata dattijuwa cikin ja, fuska a murtuke, ta ɗaga hannu tana kiran 'ya'yanta su fito su kare ƙasa. Yaƙin ya ci rayukan mutanen Sobiyet kusan miliyan 27, mata suka riƙe gona da masana'anta, wasu ma suka shiga fagen daga. A 1944 aka ƙirƙiro lambar yabo ta Uwa Jaruma ga wadda ta haifi 'ya'ya 10 ta rene su. Na ce da a Giwa Tazo ne da maƙerin lambar ya gaji. Ku riƙe wannan goma ɗin, za mu dawo kanta.

A Sin ma an fara da abin kirki. Dokar aure ta 1950 ta hana auren dole da yi wa yara baiko, rabon gonaki na lokacin kuma ya ƙirga mace a matsayin mutum mai kaso. Liang Jun, ɗaya daga matan farko da suka tuƙa tantan a ƙasar, ita ce ake danganta wa hoton da ke kan takardar kuɗi ta yuan ɗaya ta shekarun 1960, ta rasu a 2020. Aka yi ta yayata kirarin nan cewa mata ne ke riƙe da rabin sama. Aka zana 'Yan Matan Ƙarfe na ƙauyen Dazhai suna fasa dutse kafaɗa da kafaɗa da maza. To amma a littafin gandu, inda namiji kan samu maki 10 a wuni, mace takan samu 6 zuwa 8, kuma sau da yawa a lissafin mai gida ake haɗawa. Girki da ɗinki da reno ba su da maki ko ɗaya. A 1958 aka ce kowa ya daina girki a gida, a ci a gidan abinci na gandu, har tukwanen ƙarfe aka karɓe aka narkar. Yunwar da ta biyo baya daga 1959 zuwa 1961 ta kashe mutane miliyoyi masu yawa. Zuwa 1980 kuma sai ga sabuwar fasta: mace mai dariya, rungume da ɗa guda tak, wai shi ne daidai. A Masko goma, a Beijin ɗaya. Dariyar dai iri guda ce. Abin da gwamnati ke bukata a shekarar shi ake ɗora wa matar a hannu, ko lauje, ko jariri, ko guduma.

Wuri ɗaya na ji an juya abin, shi ma nan kusa da mu. A Burkina Faso, zamanin Thomas Sankara, a watan Satumba na 1984 aka ware rana guda aka ce maza su ɗauki kwando su je cefane da kansu, su ji yadda kuɗin da suke bayarwa ke ƙarewa tun ba a kai ga mai gishiri ba. Rana ɗaya ce, amma ko ba komai an tuna cewa bahon wanki na da wani mai hannu biyu a gidan.

To mu dawo gida. A Arewa, waɗanda suka fi kusa da wannan ra'ayi su ne NEPU, da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sai kuma PRP ta Malam Aminu Kano a jamhuriya ta biyu. Ba na faɗin haka don tayar da tsohon miki, na san a cikinmu akwai jikokin 'yan Salama, akwai jikokin 'yan Sawaba, kuma yanzu tukunya ɗaya muke zuba kuɗi. Siyasar nan tamu ta baki ce, ta lacca da waƙa, abin da ido ke riƙewa kuwa alama ce: tauraro na NEPU, fartanya ta NPC, daga baya mabuɗi na PRP, gida da masara na NPN. Alamar don mai jefa ƙuri'a aka yi ta, mace kuwa a lokacin ba ta cikin lissafi. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa ba su yi ba, domin jam'iyya mai mulki ba ta amince ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe mana ƙofa, sannan babban zaɓen 1979. Akwai iyayenmu a nan da suka dangwala yatsa a wannan shekarar, ku tambaye su yadda layin mata ya kasance.

Abin da Rasha ta zana a takarda, mu Allah Ya ba mu shi da rai da jini. Hajiya Gambo Sawaba, an haife ta a 1933, ta taso a Zariya, ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, ta zama shugabar matan jam'iyyar. Ta yi magana a kan ƙuri'ar mata da karatun 'ya mace da auren ƙananan yara da aikin tilas, a lokacin da maza da yawa ke tsoron buɗe baki. Ta tafi har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ita kuma ta ziyarci Sin da Rasha, aka ba ta lambar zaman lafiya ta Lenin a 1970. Gambo ta sha duka, an aske mata kai, an kore ta daga Kano, an ce sau 16 tana shiga kurkuku. Ba kumatu cike, ba rana mai fitowa ta baya. Ta rasu a 2001, yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Shi kuma Malam Aminu, kafin rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu 1983, mace ya tsayar ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa, Misis Bola Ogunbo.

Daga baya gwamnatocinmu, waɗanda ba na gurguzu ba, suka ari salon fastar. Shirin Better Life na matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987 ya sa an kafa ƙungiyoyin mata da yawa, wasu sun amfana, wasu sun mutu da shirin. Tun daga nan kowane shiri da ya zo da matarsa mai kwando. Ku ma ciro kuɗi daga bakin zane ku duba. A bayan naira 20 akwai Ladi Kwali mai ginin tukwane, da sunanta a rubuce. A bayan naira 10 akwai matan Fulani biyu da ƙoren nono, su ba suna.

Mu ma an taɓa zana mu. Tsofaffin 'yan ƙungiya sun tuna shekarar da wasu baƙi suka zo da injin casar shinkafa a bayan mota. Aka ce mu yi anko, muka ciwo bashi muka yi. Aka jera mu, aka ce wa ma'ajinmu ta dafa injin, aka ce mu yi dariya. Muka yi, har da guɗa. Da la'asar aka mai da inji mota, wai za a kai shi a ƙarasa takardu. Bayan wata biyu ɗan wata daga cikinmu ya ga hotonmu a babban allo a bakin titi. Injin kuwa har yau yana wurin takardu. Muka ci gaba da turara shinkafarmu a tukunya, muna shanya a tabarma, muna kaiwa injin haya. Wanda muke da shi yanzu, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da gyaran albasar Aliero muka saye shi, zubi bayan zubi, kuma rasit ɗin na cikin akwatin ƙungiya.

Ba sai mun je Masko neman siffar mace mai jagoranci ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa daga ƙauye a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jaji kan jagoranci mata su taho wurinta da ƙafa, su ɗauki karatu, su koma su koyar. Duk wanda ya hango malfar nan a hanya ya san wadda ke tafe da abin da ya fito da ita. Mace ce ta zaɓi alamar, mace ta ɗora wa mace, kuma wadda ke ƙarƙashin malfar tana da suna da gari da aikin da za a tambaye ta.

A zaman da ya biyo baya mun sake ɗauko zancen ƙyalle. Matasa suka ce su dai a sa abin da zai yi kyau a waya, kuma suna da gaskiyarsu. Aka daidaita a kan a kira mai hoto ya zo ranar zubi, ba anko, kowa da abin da ta saba sawa. Shi ne wanda za ku gani a bakin rumfa: Inna zaune a tsakiya da littafin adashi buɗe bisa cinya, ma'aji na ƙirga, buhunan shinkafarmu a baya, sunan kowace mace a ƙarƙashin hotonta. Mai hoto ya yi ta roƙon Inna ta yi dariya, ta ce, "Ɗana, bari in ƙare lissahi tukun." Haka ya ɗauke ta, baki a tsuke.

Saura zancen filin da muka gina rumbun ajiya. Takardarsa har yanzu da sunan mutum ɗaya take, kuma ba ɗan ƙungiya ba ne, ko da yake mutumin kirki ne da ya taimake mu lokacin da ba mu da rajista. Yanzu muna da ita. Uwar ƙungiya ta sa batun a farkon ajandar zaman da za a yi bayan biki, an kuma ce kowace mace ta zo da katinta na zubi, har waɗanda ke bin bashi da waɗanda ake bi.